Fuskar da Na Mayar Doguwa

A zamanin ƙuruciyarmu mutum yakan rayu har ya mutu ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. Wanda aka ɗauka kuwa sau ɗaya ne, kuma can ƙasan akwati ake ajiyewa tare da rigar Sallah. Yanzu jikokina da ke ƙasashen waje kan turo mini hotuna ta waya har in gaji da dubawa: ga su za su ci abinci, ga su sun gama ci. Tafiya ma haka ta koma. Da in ka dawo sai an yi mako ana zuwa jin labari, yanzu tun kana hanya kowa ya san garin da ka kwana. Ni da na yi tawa tafiyar a damanar bara kashe wayar na yi, shi ya sa tun da na dawo abokan zamana na gindin dalbejiya a nan Bebeji ba su bar ni na huta ba. Kullum sai wani ya ce, “Alhaji Inuwa, wai me ka gano a Doguwa ka dawo ba ka magana?” Na gaji da cewa sai an jima. Ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

Sama da shekara arba'in na yi ina sayen fata da ƙirgi a ƙasashen mutane. Na zauna a Injamena da Garwa da Omdurman da Kumasi, na iya Larabci da Faransanci da Turanci, da Fulatancin da zai fitar da ni kasuwa. Duk ɗakin da na kama a waɗannan garuruwa, abin da nake fara yi shi ne in kafa ƙusa in rataye hoto guda: wani saurayi cikin kakin soja, da malafa mai faɗin baki an naɗe gefe ɗaya, ya tsaya ƙyam yana kallon gabansa kamar an ce in ya motsa za a harbe shi. A bayan hoton an rubuta da fensir, “Sale Yako,” sai wasu lambobi da suka goge. Sale sunan mahaifina ne, Yako garinsu. Ya rasu ban kai yaye ba. A cikin akwatin ƙarfensa kawuna ya sami hoton, ya ba ni tare da allonsa da wuƙarsa ranar da na isa riƙe kayan kaina.

Sau ɗaya na taɓa tambayar mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka a hannun kakata ta wajen uwa na tashi, kuma har mahaifiyar tawa ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina ɗan shekara sha biyar na je gidan da ta sake aure, na same ta tana tankaɗe, na durƙusa na ajiye hoton a bakin tabarma na ce, “Shi ne wannan?” Ta kau da kai wajen bango, ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki. Na ce a raina ai ga amsa nan, wace mace ce za ta tsaya kallon hoton mijinta a gaban ɗan fari? Na mayar da shi aljihu ina jin na fi kowa uba.

Abin da ya tayar da ni bara shi ne jikata Rumasa'u. An ba su aiki a makaranta kowa ya rubuta tarihin kakanninsa, ta bugo ta ce, “Alhaji, a wace runduna babanka ya yi soja? A ina ya yi yaƙi?” Na buɗe baki, na ga babu abin da na sani. Shekara sittin ina nuna wa Larabawa da Ashantawa hoton nan ina cewa ubana jarumi ne, ban taɓa tambayar ko a ina ba. Lokacin Hajiya matata ta cika wata bakwai da rasuwa, gidan ya yi mini faɗi, babu wanda zan yi wa sallama in zan fita balle wanda zai hana ni. Na cire hoton daga ƙusa, na naɗe shi a leda biyu saboda ruwa, na sa cikin aljihun 'yar ciki, na ja ƙofa.

Tiga na fara zuwa, don an ce akwai wani tsohon soja, Kofur Ado, wanda ya yi gadi a ma'aikatar ruwa har ya yi ritaya, kuma shi ma ubansa soja ne tun na zamanin Turawa. Na hau ƙaramar bas wadda aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, ƙafafuna bisa buhun takin wani. A Sudan in dattijo ya shiga mota har rigima ake yi wajen ba shi gaba. A nan kwandasta ya ce, “Baba, ɗan muskuta,” na muskuta.

Na sami Kofur a rumfar masu suyar kifi kusa da madatsar ruwa, yana gyara wa wani koma ba don an sa shi ba. Bayan gaisuwa na gaya masa tambayar jikata, na miƙa masa hoton. Ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya karɓa, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi.

“Wannan ba kakinmu ba ne, Alhaji. Mu yara ne a kan waɗannan. Wannan na 'yan Bama ne, waɗanda Turawa suka kai yaƙi ƙetaren teku, irin na babana.” Ya sa farce a kan hannun rigar. “Me ka gani a nan?”

Na ce wani zobe ne da sanduna biyu.

Ya yi dariya har ya yi tari. “Zobe! Ka zaga duniya ka manta gammo? Mashi biyu ne da gammo. Rundunoni biyu suka tafi daga wannan yanki namu, masu gizo-gizo da masu mashi da gammo. Babana mai gizo ne. Naka mai gammo ne, ka ga ka sami amsar jikarka ɗaya.” Sai ya sake duba wajen ƙugu. “Ina bindigarsa?”

Na ce wataƙila ya ajiye ne za a ɗauki hoto.

“Soja ya ajiye bindiga ranar hoto? Har ta aro ake ɗauka. Dubi abin da ke ɗamararsa, adda ce. Babu igiyar muƙami ko ɗaya a hannun rigarsa. Wannan cikin masu ɗaukar kaya yake. Dajin can mota ba ta shiga, su ne motar. Harsashi, shinkafa, wanda aka harba, duk a kansu.”

Ban san me ya gani a fuskata ba, amma ya sassauta murya ya ce, “Kada ka raina, Alhaji. Babana har ya mutu in ya ga ɗan dako a kasuwa sai ya matsa masa hanya. Ya ce ba don su ba, da babu wanda ya dawo.” Game da lambobin kuwa ya ce tunda sun goge babu ofishin da zai iya nemo mini komai, don masu suna Sale a soja sun fi kifin dam ɗin nan yawa, shi ya sa ake laƙa wa kowa sunan garinsa. “Ka tafi Yako. In akwai sauran labari, yana bakin wani tsoho.” Ya sa aka soyo mini karfasa guda, ya ƙi ci tare da ni wai haƙoransa sun yi ritaya kafin shi. Na ci ni kaɗai ina kallon ruwa, ina ta ƙoƙarin sauke bindigar da na ɗora wa ubana tun ina yaro in aza masa gammo. Kafin in gama kifin na amince. Na ce ai ɗaukar kaya ma aiki ne.

Washegari na nufi ƙasar Kiru. Daga bakin titi zuwa Yako babur na hau, ɗan acaɓan kuwa mai gemu da furfura amma yana gudu kamar ana bin sa. Hulata ta faɗa kwata, muka tsaya na ɗauko, na ƙarasa gari da hula a hannu kamar mai zuwa biko. Rabona da Yako tun ina saurayi. Inda aka taɓa nuna mini a matsayin gidan kakana masara ce ta fi ni tsawo. Na tsaya a bakin gonar na yi sallama, ban san wa nake yi wa ba. Mutum uku na tambaya, babu wanda ya san wani Sale. Na huɗun ne ya dubi fuskata ya ce, “Wannan zanen naka ai askar gidan Sarkin Aska ce. Je ka wurinsa, in yana jin magana yau.”

Yana ji. Tsoho ne da ya ba tamanin baya, zaune a zaure bisa buzu, zabirarsa rataye a bango ta yi ƙura. Kafin in gama gaisuwa ya ce in matso, ya kama haɓata ya juya ni wajen haske kamar ɗan sati guda.

“Uku-uku a bakin baki, da fashin goshi. Hannun babana ne wannan, ga inda yake ɗan karkatar da na ƙarshe. Kai ɗan Sale ne, wanda ya koma Bebeji. A kan jaki babana ya je sunanka, kwana biyu ya yi.”

Na yi shekaru rabon da wani ya kira ni ɗan wani. Na zauna a ƙasa, na ciro hoton, na ba shi tare da ɗan madubin masu gyaran agogo da nake yawo da shi don duba fata. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ajiye madubin ya ce, “Wa ya ce maka Sale ne?”

Na ce ga sunan nan a baya.

“Ni ban iya karatun boko ba, ɗana, fuska nake karantawa. Ina fashin goshin? Ina na bakin baki? Wannan bille guda gare shi a kumatun hagu. Gidanku ba a taɓa yin bille ba, kuma wannan ba askarmu ba ce, ta mutanen kudu ce, can gindin duwatsu.”

Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce na ga billen nan tun da daɗewa. A Omdurman, wata rana da rana ba ciniki, na ɗora madubin a kan hoton na gan shi. Na ce wa kaina ai ƙarzuwar takarda ce, goshin kuma inuwar malafa ta rufe. Ban sake ɗora madubin ba.

Sarkin Aska ya ba ni labarin yadda ya ji daga mahaifinsa. Lokacin yaƙin an aiko kowace unguwa ta ba da mutane, a unguwarsu sunan Sale ya fito. Shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, uwarsa kuma ba ta gani. A gidan akwai wani saurayi Jibo, mutumin ƙasar Doguwa, da ya zo cin rani ya zauna yana yi musu noma, har ya ɗauko matarsa. Tare suke cin tuwo da Sale a akushi ɗaya. Ranar da aka zo kiran suna, da aka ce Sale, Jibo ne ya amsa.

Na ce, “Shi ya ce zai tafi, ko tura shi aka yi?”

“Babana bai ce shi ya ce ba, bai kuma ce tura shi aka yi ba. Cewa ya yi Jibo ya amsa.”

Tunda a takarda Sale ya tafi yaƙi, ba dama a ga Sale a kasuwar Yako. Ya bar gari, ya yi ta yawo, sai bayan an gama komai uwarsa ma ta rasu ya ɓulla a Bebeji, inda mutanen garin suka ɗauka cikin masu dawowa daga yaƙi yake, shi kuma bai gyara musu ba. Matar Jibo tana da ciki aka mayar da ita wurin iyayenta, aka ce mata mijinta ya bi fatake kurmi, don in gaskiya ta fita har mai unguwa sai ya sha ɗauri. Hoton kuwa gidan Sale ya zo, tunda sunan da aka sani ke nan. Jibo bai dawo ba.

“To mahaifiyata fa?” na ce. “Na nuna mata, ta kau da kai.”

Tsohon ya dube ni da tausayi da kuma ɗan haushi. “Kai ɗan fari ne ko? To da hoton jaki ka ajiye mata ka ce shi ne wannan, haka za ta kau da kai. Ba hoton ta guje wa ba, kai ta guje wa. Ina jin ko kallonsa ba ta yi ba.” Da zan tashi ya ce abin da ya tuna kawai shi ne dangin matar Jibo masu zuma ne a can ƙasar Doguwa, gidan masu amya ake ce musu, kuma an ce mace ta haifa. Ya ƙara da cewa in Sale nake son gani in duba madubi, goshinmu ɗaya.

A bakin titi na tsaya da jakata. Motocin Bebeji suna hannun hagu, na Tudun Wada suna dama. Uku na hagu suka cika suka tashi ina kallo. Na hau ta dama.

Da yamma muka isa Tudun Wada, ana yayyafi, ko'ina shinkafa ta yi kore har bakin kwalta. Ban san kowa a garin ba. A da sai ka nemi zauren mai unguwa, a shimfiɗa maka tabarma, tuwo ya zo daga gida uku ba ka san wanda ya aiko ba. A ƙauyukan Sudan ma har yau in magariba ta yi a bakin hanya suke shimfiɗa abinci, su tare matafiyi su rantse sai ya sauka. A nan wani masauki aka nuna mini mai fentin shuɗi, mai kula da shi ya nemi katin shaida, ya rubuta sunana, ya ba ni mabuɗi da bokiti. Ban ga laifinsa ba, zamanin ne ya sa kowa tsoron baƙo. Na sayo tuwon shinkafa da miyar taushe a leda na ci a bakin gado. Akwai ƙusa a bangon ɗakin, wani ya bari. Hannuna har ya kai aljihu, sai na fasa. Na yi baƙunta a garuruwan da ba a jin ko kalma ɗaya ta Hausa ban ji abin da na ji a ɗakin nan ba, domin a can ni da ubana muke kwana.

Da safe a tasha na ga wata Bafulatana da ƙwaryar fura, na ce bari in gwada abin da na koyo a Garwa. Na ce, “Jam na?” na ɗora da doguwar gaisuwa. Ta saurara har na gama, ta dubi ƙawarta, ta ce da Hausa tsantsa, “Baba, daga rediyo ka fito? Ta nawa za a dama?” Na sha furar a tsaye, mai kyau ce, ba ta sha ruwa ba.

Hanyar Doguwa ta dajin Falgore take bi. Na tsallake iyakokin ƙasashe da dama, inda ake buga hatimi ana zazzage jaka, amma ban ga inda mota ke yin shiru kamar bakin dajin nan ba. Masu hira suka daina, wata tsohuwa ta fara salati a hankali. A shingen sojoji aka ce maza su sauko. Wani soja da bai fi sa'an jikana ba ya taɓa ƙirjina ya ji leda, ya ce, “Baba, mene ne wannan?” Na kwance na ba shi. Ya kalli hoton, ya kira abokinsa da Turanci ya zo ya gani, sannan ya haɗa ƙafa ya sara wa hoton, ya miƙo mini da hannu biyu.

“Babanka ne?”

Shekara sittin amsar tana bakin harshena. Na ce, “Baban wata ne. Kai mata zan yi.”

A kasuwar Doguwa na bi layin masu zuma ina tambayar gidan masu amya. Na farko ya ce duk masu amya ne, na biyu ya so ya sayar mini da galan. Na uku, da na ce ina neman wadda aka haifa ubanta ya tafi kurmi bai dawo ba, ya ce, “Iya Talle ke nan,” ya kwatanta wa ɗan acaɓa wani ƙauye a gindin dutse. Hanyar laka ce, sau biyu na sauka na taka. Ƙasar ba irin tamu ba ce, duwatsu ne da rafuka da sanyi, masara kuwa ban ga irinta ba sai a tsaunukan Kamaru.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido, da bille guda a kumatun hagu. Aka ba ni kujera, aka kawo ruwa. Ta ce, “Bawan Allah, in zuma ce sai Haruna ya dawo daga gona. In kuma aure ne ka makara.”

Ban kai ga amsawa ba aka yi gyaran murya a ƙofa. Wani mutum ya shigo da fartanya a kafaɗa da malafar kaba a kansa, ya tsaya ƙyam yana kallon baƙo. Ban san lokacin da na sauka daga kujera na durƙusa ba. Idon ne, hancin ne, har yadda kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Fuskar da na yi wa sallama kowace safiya a ƙasashe huɗu ce ta shigo da ƙafarta, ta tsufa kaɗan, da laka a gwiwa.

“Subhanallahi, Baba, tashi!” in ji shi. “Ni ne Haruna, ɗanta. Ni ya kamata in durƙusa.”

Na koma kujera na faɗi komai, tun daga Tiga har zauren Sarkin Aska, ban rage wa gidanmu komai ba. Sannan na miƙa mata hoton. Ta tashi ta fita inda rana take, ta juya mana baya. Mun daɗe muna jiran ta. Da ta dawo ta dubi Haruna, ta dubi takardar, ta ce, “Kai, cire malafar nan.” Ya cire. Ta ce, “Mayar.” Ya mayar. Ta zauna.

“Ashe ba guduwa ya yi ba,” ta ce. “Innata har ta mutu in an ambaci kurmi sai ta tofar da yawu. Ni ma ban taɓa sa shi a addu'a ba, Allah ya gani. Na ce wanda ya bar ni a ciki ya tafi cin goro, ya nemi masu yi masa.” Ta shafa hannun rigar da ɗan yatsa. “Mene ne wannan?”

Na ce mashi biyu ne da gammo, na gaya mata aikin da ya yi kamar yadda Kofur ya gaya mini.

“Dako,” ta ce. “A Yako dako, a can ma dako.” Sai ta ɗago. “Ubanka ya san muna nan?”

“Ya sani, Yaya.”

“Bai zo ba.”

“Bai zo ba. Amma bai yar da hoton ba. Ban san abin da ya yi niyya ba, ban san shi ba. Na zo ne in roƙa masa gafara.”

Ta murza ɓawon gyaɗa. “Ba kai ka yi ba da za ka roƙa, ba ni aka yi wa ƙarya a ido ba da zan yafe. Masu maganar duk sun tafi inda za a yi musu ita. Kai dai ka kawo, ka kuma ce mini Yaya, na ji.” Ta juya wajen madafa ta ɗaga murya. “A zubo wa ƙanena tuwo, ya sha hanya. Dubi hularsa kamar an kwaso daga kwata.”

Tuwon masara ne da miyar kuɓewa ɗanya, da zuma a saƙarta a ɗan kwano. Haruna ya sa hannu muka ci tare, karo na farko tun fitowata da na ci abinci da wani. Na kasa kallonsa, na kuma kasa daina kallonsa. Ya ce a bar mini hoton su ɗauka a waya ya ishe su. Na ce a'a, a yi akasin haka. Ya kunna wayata ya ɗauka mini saboda Rumasa'u. Iya Talle ta naɗe na takardar a ledojina biyu, ta ɗaure a bakin zaninta. Kwana ɗaya na yi, da safe ta rako ni har bakin rafi, ta ce in an sha zumar kaka in dawo, in muna nan.

Na bugo wa Rumasa'u na gaya mata ta rubuta cewa wani mutum mai suna Jibo ya ɗauki kaya a ka a dajin Bama cikin rundunar mashi biyu da gammo, da sunan mahaifina, shi ya sa mahaifina ya rayu har aka haife ni. Ta ce, “To ina hoton shi kakan namu?” Na ce babu. Na duba madubi kamar yadda Sarkin Aska ya ce, amma ubana bai kai arba'in ba ya rasu, tsohon da na gani a ciki ya isa ya haife shi.

Abin da na gano a Doguwa ke nan, ku da kuke tambaya. Yanzu bayan kowace salla mutum biyu nake ambata, Sale da Jibo. In na ce Jibo ina ganin fuska, in na ce Sale ba na ganin komai, kuma na san haka zai zauna har in tafi. Hoton yana wurin masu shi, ba zai dawo Bebeji ba. Ƙusar tana nan a bangon ɗakina, ban cire ba, ban kuma rataya mata komai ba.